Daga Ƙashin Sa zuwa Majigi: Tarihin Sin da Kokawar Riƙe Labari

Sinawa na cewa tarihinsu ya kai shekara dubu biyar, amma farkon wannan lissafi labarin kaka da kakanni ne. Ana cewa a kwarin Rawayen Kogi an yi wani sarki mai suna Huangdi, shi ne kakan al'umma, kuma a fadarsa aka ƙago yawancin abin da ɗan Adam yake rayuwa da shi. Matarsa Leizu, in ji masu ba da labari, tana zaune a gindin bishiya sai kwanson tsutsa ya faɗa cikin ruwan zafin da take sha, ya warware ya zama zare, daga nan aka san siliki. Magatakardansa Cangjie, wai mai ido huɗu ne, ya dubi sawun tsuntsaye da na dabbobi ya ƙago rubutu, kuma wai ranar da ya gama hatsi ya zubo daga sama, aljannu suka kwana suna kuka. Bayansu aka yi Yu, wanda aka ce ya shekara goma sha uku yana haƙa magudanai don ya shawo kan ambaliya, ya kafa daular Xia.

Babu rubutu ko ɗaya da ya iso mana daga zamanin waɗannan mutane. Masu tonon kayan tarihi sun gano kufan wani babban gari a Erlitou, wasu na ganin nan ce fadar Xia, wasu na musu. Abin lura a tatsuniyar shi ne inda aka zaunar da magatakarda: daf da sarki, tun ranar farko. A ganina nan ne bakin zaren tarihin Sin. Ƙasa ce da ta ƙware wajen ƙago hanyoyin adana magana da yaɗa ta, kuma duk hanyar da aka ƙago sai an yi kokawa tsakanin masu mulki da masu ba da labari kan wanda zai riƙe ta.

Ƙashi da gora

Sai a daular Shang mai bincike yake samun wurin kafa ƙafa. A 1899 wani babban malami a Beijing, Wang Yirong, ya lura akwai zane-zane a jikin tsofaffin ƙasusuwan da masu magani ke dakawa suna sayarwa da sunan ƙashin dodo. Ana cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi aka sayo masa maganin, amma wannan ɓangaren labarin baka ne. Abin da ya tabbata shi ne an bi diddigin ƙasusuwan har Anyang, a lardin Henan na yau, aka fara tono na ilimi a 1928, aka fito da dubun dubatar allunan kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru masu rubutu. Mafi tsufansu na wajen 1250 kafin Miladiyya ne, zamanin sarki Wu Ding.

Kayan duba ne. Ɗan duba zai rarake ƙananan ramuka a bayan ƙashin, ya ɗosa masa wuta har ya tsage, sarki ya karanta tsagar, sannan a sassaƙa tambayar a gefe, wani lokaci har da abin da ya faru daga baya. Ana tambaya kan ruwan sama, da amfanin gona, da fita yaƙi, da kakan da ya yi fushi har haƙorin sarki yake ciwo, da ko matar sarki Fu Hao, wadda da kanta take jan runduna, za ta sauka lafiya. An gano kabarinta a 1976 ba wanda ya taɓa shi. Haruffan waɗannan ƙasusuwa su ne kakannin waɗanda ake rubutawa yau a Beijing da Taipei.

Wajen 1046 kafin Miladiyya mutanen Zhou daga yamma suka kifar da Shang. Da yake da takobi suka ƙwaci sarauta, sai da suka nemo hujja, hujjar kuwa ta rayu shekara kusan dubu uku: Sama ce ke ba da mulki ga gidan da ya yi adalci, ta kuma karɓe idan ya lalace. Ambaliya da yunwa da tawayen manoma alamu ne cewa an karɓe. Wannan koyarwa ta ɗora wa marubucin tarihi nauyi mai girma, domin alƙalaminsa ne zai yanke hukunci ko sarkin da ya faɗi azzalumi ne. Lokacin da ƙarfin Zhou ya ragu, ƙasa ta rarrabu tsakanin sarakuna masu yaƙar juna, a cikin wannan hargitsi aka haifi Kongzi, wanda Turawa ke kira Confucius, a 551 kafin Miladiyya. Bai sami sarkin da ya riƙe shi da daɗewa ba. Almajiransa ne suka tattara maganganunsa kan biyayya ga iyaye, da ladabi, da wajibcin mai mulki ya fara gyara kansa. Littafi a lokacin tsage-tsagen gora ne da aka ɗaure da igiya, ko ƙyallen siliki ga mai hali.

A 221 kafin Miladiyya sarkin Qin ya gama cinye sauran ƙasashe shida, ya kira kansa Sarkin Sarakuna na Farko. Ya daidaita mudu da sikeli da kuɗi, har da faɗin tsakanin ƙafafun keken doki, amma mafi tasirin aikinsa shi ne daidaita rubutu. Mutumin arewa da na kudu ba sa jin maganar juna, amma harafi ɗaya suke karantawa, kowa da lafazinsa. Wannan ya fi Babbar Ganuwa riƙe ƙasar wuri guda. Sarkin nan kuma shi ne a 213, bisa shawarar wazirinsa Li Si, ya ba da umarni a ƙone tarihin ƙasashen da ya ci da littattafan malamai da ke hannun jama'a, aka bar na magani da noma da duba. An ruwaito cewa shekara mai zuwa ya sa an binne malamai fiye da 460, sai dai masanan yau suna ɗari-ɗari da ruwayar, domin daga marubutan daular da ta gaje shi ta fito, kuma suna da dalilin ɓata shi. Ya rasu a 210, daularsa ta rushe cikin shekara huɗu. Sojojin yumɓu dubbai da aka binne kusa da kabarinsa, sai a 1974 wasu manoma masu haƙa rijiya kusa da Xi'an suka ci karo da su.

Daular Han da ta biyo baya ta yi shekara kusan 400. A zamanin sarki Wu aka aika jakada Zhang Qian yamma a 138 kafin Miladiyya, tafiyar da ta buɗe abin da daga baya aka kira hanyar siliki. A fadar wannan sarki aka yi Sima Qian, mutumin da ba na iya wuce labarinsa da sauri. Mahaifinsa ya bar masa wasiyyar kammala tarihin duniya kamar yadda suka san ta. A shekara ta 99 kafin Miladiyya wani janar, Li Ling, ya miƙa wuya ga makiyayan Xiongnu bayan kibansa sun ƙare, fada duka ta tsine masa, Sima Qian kaɗai ya kare shi. Sarki ya fusata. Mutumin da ke da matsayi irin nasa ana sa ran ya zaɓi mutuwa, amma ya yarda aka dandaƙe shi, ya haɗiye wulaƙancin don ya gama littafin. Ya bar babi 130, daga Huangdi har zamaninsa, da tarihin sarakuna da na 'yan kasuwa da 'yan barkwanci da masu kisan gilla. Jerin sarakunan Shang da ya kawo ya yi daidai, in ban da kaɗan, da sunayen da aka karanta a ƙasusuwan Anyang, alhali tsakaninsa da su shekara dubu ne. Tsarinsa ya zama abin koyi: kowace daula sai ta rubuta tarihin wadda ta kifar.

Takarda da ɗab'i

A shekara ta 105 Miladiyya wani baban fada, Cai Lun, ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace da rama da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi. An daɗe ana cewa shi ya ƙago ta, amma an tono guntayen takarda da suka girme shi da shekaru fiye da ɗari biyu. Abin da ya yi shi ne kyautata sana'ar har ta yi arha. Arhar nan ce ta ba da damar wani tsari da ya mallaki rayuwar Sinawa: jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ta fara a daular Sui wajen ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7. Ɗan manomi da ya haddace littattafan Kongzi yana iya zama gwamna, ko da yake a aikace 'ya'yan masu hali ne suka fi samun lokacin karatu. Amma kuma fada ce ke zaɓen littattafan da za a haddace.

Daular Tang, daga 618 zuwa 907, ita ce zamanin buɗe ƙofa. Babban birninta Chang'an ya tara mutum wajen miliyan ɗaya, da Farisawa da Turkawa da Koriyawa a kasuwanninsa. Malamin addinin Buda, Xuanzang, ya tafi Indiya da ƙafa da doki ya dawo a 645 da ɗaruruwan littattafai. Littattafan fada sun rubuta zuwan jakadun Larabawa a 651, zamanin halifa Usman. Musulmin Sin na cewa sahabi Sa'ad bn Abi Waƙƙas ne ya gina masallacin Huaisheng a Guangzhou, amma malaman tarihi ba su sami abin da ya tabbatar da haka ba, kuma an san kusa da Madina ya rasu.

A 751 rundunar Tang ta gwabza da ta Abbasiyawa a bakin kogin Talas, a tsakiyar Asiya, aka ci Sinawa. Wani marubucin Larabci na ƙarni na 11, Al-Sa'alibi, ya ce fursunonin wannan yaƙi ne suka koya wa mutanen Samarƙandi yin takarda. Masanan yau na ganin takarda ta riga ta shiga yankin ta hannun 'yan kasuwa. Ko ta wace hanya, kafin ƙarshen ƙarnin ana yin ta a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, daga nan ta bi ta Sham da Masar da Fas da Andalus har Italiya. Takardar Italiya mai tambarin wata uku ita ce fatake suka riƙa ketowa da ita ta Sahara zuwa Kano da Katsina da Borno, kuma a kanta aka rubuta yawancin littattafan malamanmu na ƙarni na 19.

Ɗab'i ya samo asali ne daga masu ibada da ke son yawaita addu'o'i. Ana sassaƙa shafi gaba ɗaya a juye a kan katako, a shafa tawada, a danna takarda. Littafin da ya fi tsufa a duniya cikin bugaggu masu kwanan wata nassin addinin Buda ne da wani Wang Jie ya sa aka buga a 868 don iyayensa, a raba kyauta. An same shi a wani kogo da aka toshe a Dunhuang, wani Bature, Aurel Stein, ya tafi da shi a 1907, yau yana Landan. Tun kafin a buga shi hukuma ta farga da haɗarin sabuwar sana'ar: a 835 aka hana mutane buga kalanda, domin 'yan kasuwa na sayar da tasu kafin ta fada ta fito, alhali tsayar da kwanan wata haƙƙin sarki ne.

Daular Song, daga 960 zuwa 1279, ba ta da ƙarfin soja kamar Tang, amma babu inda ya kai ta arziki da fasaha a duniyar lokacin. Wata shinkafa mai saurin nuna da aka kawo daga Champa ta sa ana girbi biyu a shekara, jama'a ta haura miliyan 100. A Sichuan, inda kuɗin ƙarfe ya yi wa 'yan kasuwa nauyi, aka fara kuɗin takarda, gwamnati ta karɓe bugunsa a 1024. Albarushi, wanda masu neman maganin hana mutuwa suka ci karo da shi a ƙarni na 9 suna haɗa farar wuta da gawayi da wani gishirin ƙasa, an rubuta yadda ake haɗa shi a littafin soja na 1044. Masani Shen Kuo, a littafinsa na 1088, ya bayyana allurar maganaɗisu mai nuna kudu, ya kuma adana sunan wani talaka, Bi Sheng, wanda a shekarun 1040 ya ƙera haruffan yumɓu ɗai-ɗai da ake jerawa a buga, a warware, a sake jerawa. Shekara ɗari huɗu ke nan kafin Gutenberg ya yi irin wannan a Turai. Dabarar ba ta kori katako ba saboda dalili mai sauƙi: rubutun Sin na da haruffa dubbai, tanadar su da tsince su ya fi sassaƙa shafi tsada.

Dandali da littattafan hira

Duk wannan ilimi na 'yan tsiraru ne. Mafi yawan Sinawa ba su iya karatu ba, tarihi yana iso musu ne ta bakin masu ba da labari a shagunan shayi, da wasan inuwar 'yan tsana, da dandalin wasan kwaikwayo mai waƙa. Mongol ne, ba da niyya ba, suka ɗaukaka wannan fanni. Kublai Khan ya kafa daular Yuan a 1271, ya gama da Song a 1279, aka jingine jarrabawa har 1315. Malaman da hanyar aikin gwamnati ta toshe musu sai suka koma rubuta wa 'yan wasa. Guan Hanqing ya rubuta labarin Dou E, bazawarar da alƙali mai cin hanci ya yanke wa kisa bisa ƙarya, ƙanƙara ta zubo a tsakiyar bazara don shaida gaskiyarta. Masu kallo a ƙarƙashin mulkin baƙi sun san da wa ake. A wannan zamani, wajen 1345, Ibn Battuta ya sauka a tashar Quanzhou da Larabawa ke kira Zaitun, ya yi mamakin kuɗin takarda. Shi ne kuma a 1353 ya ya da zango a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau.

A 1368 Zhu Yuanzhang, maraya da ya taɓa yin bara, ya kori Mongol ya kafa Ming. Ɗansa Yongle ya ƙwace gadon sarauta daga ɗan ɗan'uwansa a 1402, ya sa aka share shekarun mulkin yaron daga littattafan fada kamar ba a yi su ba. Shi ne kuma ya tara malamai fiye da 2,000 suka rubuta kundin ilimi mai mujalladi fiye da 11,000 a 1408, ya gina fadar Beijing a 1420, ya aika Zheng He, baban fada ɗan gidan Musulmi daga Yunnan, da manyan jiragen ruwa. Tafiye-tafiye bakwai tsakanin 1405 da 1433 sun kai Hormuz da Adan da Malindi, har aka kawo wa sarki raƙumin dawa. Daga nan aka daina, saboda tsada da barazanar Mongol a arewa da ƙiyayyar malamai ga babanni. Ana cewa wani jami'i ya ɓoye ko ya ƙone bayanan tafiyar don kada wani sarki ya sake sha'awa. A zamanin Ming ne kuma masu ɗab'i na kasuwa suka yaɗa manyan littattafan hira da harshen talaka: yaƙin Masarautu Uku, 'yan tawayen fadama su 108, da Tafiya Yamma da aka buga a 1592, inda tafiyar Xuanzang ta zama tatsuniyar Sarkin Birai. Malamai sun raina su, jama'a kuwa ta haddace su.

Manchu sun shigo daga arewa maso gabas a 1644 suka kafa Qing, daula ta ƙarshe. Sarki Qianlong ya maimaita abin da magabatansa suka yi: daga 1773 ya sa aka tattaro littattafan ƙasa duka aka kwafe su cikin mujalladi kimanin 36,000, a cikin wannan aiki kuma aka tsince littattafai fiye da 2,000 da suka taɓa mutuncin Manchu aka halaka su. A 1790 ƙungiyoyin 'yan wasa daga Anhui suka zo bikin cikarsa shekara 80, suka zauna a babban birni, daga gare su wasan kwaikwayon Beijing ya tsiro, mai fentin fuska da tsalle-tsalle da wasan takobi.

Sai ƙarni na 19 ya zo da masifa. Ingila na sayen shayi da siliki da tangaran da azurfa, Sin ba ta buƙatar kayanta, sai 'yan kasuwar Ingila suka cike giɓin da ofiyam daga Indiya. A 1839 jami'i Lin Zexu ya lalata akwati fiye da 20,000 a Humen. Ingila ta aiko da jiragen yaƙi, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta ba ta Hong Kong ta buɗe tashoshi biyar, har da Shanghai. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar bazara ta sarki, aka cinna mata wuta. Tawayen Taiping, daga 1850 zuwa 1864, ya ci rayuka wajen miliyan 20. Japan ta ci Sin a 1895 ta karɓi Taiwan. A 1905 aka soke jarrabawar nan mai shekara 1,300, a 1912 yaro sarki Puyi ya sauka.

Majigi

A wannan shekara ta 1905, bisa abin da tarihin silimar Sin ya ɗauka, wani mai shagon hoto a Beijing, Ren Qingtai, ya ɗauki shahararren ɗan wasa Tan Xinpei yana taka rawar wani janar daga labarin Masarautu Uku. Fim ɗin, Dutsen Dingjun, ya ɓata, wasu masana ma na shakkar yadda aka ruwaito yin sa. Amma ruwayar ta nuna daga inda silimar ta sha nono: dandalin wasa da littattafan hira. Ga hanyar ba da labari da ba ta buƙatar mai kallo ya san harafi ko ɗaya, a ƙasar da 'yan boko irin su Lu Xun ke fafutukar a riƙa rubutu da harshen da mutane ke magana da shi.

Shanghai ce cibiya. A 1928 kamfanin Mingxing ya fitar da fim kan ƙone haikalin Jan Bado, mai jarumai masu tashi sama, ya karɓu har aka yi shi kashi 18. Gwamnatin Guomindang mai mulkin ƙasar a lokacin ta ga camfi da rashin ɗa'a a ciki, daga 1931 ta hana irin waɗannan finafinai. Hanin ya tura masu yin su kudu zuwa Hong Kong, inda dokar ba ta kai ba. Waɗanda suka rage suka juya ga talauci da barazanar Japan. A 1934 Ruan Lingyu ta fito a matsayin uwar da ke sayar da kanta don ta biya wa ɗanta makaranta, wasan da har yau ake koyar da shi. Jaridu suka sa rayuwar aurenta a gaba, ta kashe kanta a Maris 1935 tana da shekara 24. A wannan shekarar aka yi wani fim na kishin ƙasa wanda waƙarsa, rubutun Tian Han da kiɗan Nie Er, ta zama taken ƙasar Sin bayan 1949.

Da kwaminis suka ci Guomindang a yaƙin basasa, Mao Zedong ya kafa Jamhuriyar Jama'a ranar 1 ga Oktoba 1949, kamfanonin fim suka koma hannun gwamnati cikin 'yan shekaru. Ayarin masu injin haska fim suka riƙa bin ƙauyuka suna rataya farin ƙyalle a fili, kamar majigin da aka riƙa kawowa ƙofar fadar hakimai a ƙasar Hausa. An sauƙaƙa haruffa a 1956, karatu ya yaɗu fiye da kowane zamani. Amma tun a 1951 Mao da kansa ya kai wa wani fim hari, na rayuwar Wu Xun, almajirin da ya yi bara ya gina makarantu, saboda wai yana koyar da roƙon masu kuɗi maimakon tawaye. Yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe gomman miliyoyin mutane, babu kyamarar da ta ɗauka. Juyin Al'adun da Mao ya ƙaddamar ma da sukar wasan kwaikwayo aka buɗe shi: a Nuwamba 1965 aka far wa masanin tarihi Wu Han saboda wasan da ya rubuta kan Hai Rui, jami'in Ming mai gaskiya da aka tsige, aka ce habaici ne ga Mao. Wu Han ya mutu a kurkuku a 1969, Tian Han mai taken ƙasa a 1968. Matar Mao, Jiang Qing, tsohuwar 'yar fim a Shanghai, ta taƙaita dandali ga 'yan wasanni kaɗan da ta amince da su, aka shekara kusan huɗu ba a fitar da sabon fim na labari ba.

A daidai wannan lokaci Hong Kong na cin kasuwarta. Kamfanin Shaw Brothers, wanda asalinsa daga Shanghai ne, ya farfaɗo da finafinan takobi ta hannun King Hu da Chang Cheh. Kamfanin Golden Harvest ya ɗauko Bruce Lee, ya yi The Big Boss a 1971 da Fist of Fury a 1972, labarin ɗalibin da ya rama wulaƙancin da makarantar Japanawa ta yi wa tasu a Shanghai ta zamanin mulkin baƙi. Bruce Lee ya rasu ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32. Wanda ya girma a Kano ko Kaduna ko Jos a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda fim ɗin Chanis ke cika silima, yara su fito suna naushi da harbi da ƙafa, ana gardamar yadda akta ya gama da bos. Ba sai an ji yaren ba: ɗan talaka mara bindiga da ya tsaya wa mai ƙarfi abu ne da mutanen da suka fito daga mulkin mallaka suka gane nan take. Jackie Chan da Sammo Hung kuwa a makarantar wasan kwaikwayon Beijing suka tashi tun suna yara, don haka tsallen da ake gani a Drunken Master na 1978 gadon dandalin zamanin Qianlong ne. A 1982 fim ɗin Shaolin Temple ya fito da Jet Li, ya mayar da faɗan hannu cikin babban yankin Sin bayan shekaru da dama.

Bayan mutuwar Mao a 1976, makarantar fim ta Beijing ta sake buɗewa a 1978. Ɗaliban farko matasa ne da aka tura gona da masana'anta lokacin Juyin Al'adu, kuma abin da suka gani suka ɗauka. Chen Kaige ya yi fim kan busasshiyar ƙasar arewa a 1984, Zhang Yimou na riƙe da kyamara. Fim ɗin Zhang na Jar Dawa ya ci babbar kyautar Berlin a 1988. Na Chen kan 'yan wasan kwaikwayo biyu da suka ratsa rabin ƙarni na tashin hankali ya ci ta Cannes a 1993. Fim ɗin Zhang na 1994, labarin iyalin da kowane sabon shirin gwamnati ya ci musu ɗa, an hana nuna shi a gida. Wannan Zhang ɗin aka damƙa wa bikin buɗe wasannin Olympics na 2008, inda ya baje takarda da haruffan ɗab'i da allurar maganaɗisu a gaban duniya.

Yau kuɗi ya shigo. Fim ɗin Ang Lee, ɗan Taiwan, Crouching Tiger, Hidden Dragon na 2000, ya ci Oscar huɗu. A 2020 kasuwar silimar Sin ta zarce ta Amurka ta Arewa a karon farko, a 2025 katun ɗin Ne Zha na biyu, daga wani littafin hira na Ming, ya tara fiye da dala biliyan 2. Wolf Warrior 2 na 2017 ya sa tsohon sojan Sin yana ceton mutane a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, kuma ni dai ban ji daɗin ganin nahiyarmu ta sake zama filin cuta da yaƙi don jarumin wani ya haska ba. A 2018 kula da finafinai ta koma kai tsaye ƙarƙashin sashen farfaganda na jam'iyya. Hong Kong, mafakar masu fim tun 1931, ta koma hannun Sin a 1997, kuma a Oktoba 2021 majalisarta ta zartar da dokar da ta ba hukuma ikon hana duk fim ɗin da ta ga ya saɓa wa tsaron ƙasa, har da waɗanda aka riga aka ba lasisi a baya. Wanda ya nuna fim ba izini yana iya shan ɗaurin shekara uku.